Mamaya a Yaren Farlita

Asabar, 3 ga Fabrairu, 2024

Yarinyar nan Nuraida ta ci abinci yau. 'Yar Filifin ce, Musulma, ta gudo daga gidan aiki a unguwar Ruwais, nan Jidda, da shatin dutsen guga a damtse. Latifatu maƙwabciyata ta kawo mini ita, wai kwana biyu. Ga shi mun shiga mako na uku. Kafilinta, mai gidan da ya ɗauko ta aiki, ya kai rahoton gudu, fasfo yana hannunsa.

Rafi'u ya dawo daga aiki bai ko zauna ba. "Inna, in aka same ta a nan, iƙamata ta zaman ƙasar nan ce za ta tafi, da taki, da ta yara." Na ce na ji. Ɗan da ka haifa ya fara yi maka magana a hankali, to tsufa ya zo.

Litinin, 5 ga Fabrairu

Nuraida ta nuna mini hoto a waya: wata 'yar majalisar ƙasarsu za ta zo Jidda duba 'yan aiki. Na sa tabarau. Farlita ce.

Farlita da na ɓoye a bayan kekunan ɗinki, a shagona na Sharafiyya, tun Rafi'u yana makaranta. Ƙashi da fata. Ni na koya mata yankan abaya da cin tuwo da hannu. Ta koma gida ta buɗe shagon ɗinki, shago ya haifi kamfanin tura mata aiki ƙasashen Larabawa, kamfani ya haifi kujera. Jikokina sun gaji da labarin, ni ban gaji ba.

Nuraida ta ce kamfanin nan ne ya kawo ta. Yanzu da sunan ƙanen Farlita yake. Na ce to ai abin ya zo gida.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Gwiwa. Ban fita ba.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Rafi'u ya kai ni otal ɗin da Farlita ta sauka, yana tuƙi yana mita. Ta yi jiki, ta yi haske, amma ta gane ni tun daga ƙofa. "Inay!" Haka take kirana tun da can, Inna ce a yarensu. Ta ja ni gaban mutane, ta ba da labarin shagona, ta yi hawaye daidai inda ake hawaye. An tafa. An ɗauki hotuna har idona ya yi ruwa.

Da muka keɓe na faɗa mata. Ƙunar, kafilin, kamfanin. Fuskar ba ta motsa ba. Ta tambayi inda yarinyar take, na kwatanta mata gidana a Madain Fahd har da launin ƙofa, wata a bayanta tana rubutawa. Ta matse mini hannu ta ce, "Mamaya, Inay."

Na san kalmar. A yarensu anjima ke nan. A shago in na ce ta zo ta ci abinci, mamaya. In na ce ta share zare, mamaya. Mukan yi dariya, mu ce wannan 'yar firit ɗin wa za ta kai wa mamaya?

A mota Rafi'u ya ce, "Da wane yare ta faɗa, Inna, nasu ko namu?" Na ce ya kalli hanya.

Talata, 13 ga Fabrairu

Sun zo bayan La'asar. Maza biyu da mace ɗaya mai jin yarenta, suka ce Madam ce ta aiko, za a kai ta gidan da ofishin jakadancinsu ke ajiye waɗanda suka gudo. Nuraida ta kalle ni. Ni na ce mata yalla, tashi. Ni na ɗaure mata kayanta, na sa dabino a ciki.

Alhamis, 15 ga Fabrairu

Rafi'u ya je ofishin jakadancin ya tambaya. Ba ta can, ba su ma san da zancen ba. Ashe waɗanda suka zo mutanen ofishin da ke karɓar 'yan aikin kamfanin ne a nan. Jirgin Farlita ya tashi jiya. Lambar da ta ba ni tana ringin, ba a ɗauka.

Litinin, 19 ga Fabrairu

Saƙon murya daga wata lamba, Nuraida ce, cikin raɗa, da guntun Larabcinta: "Mama, nafsul bet." Gidan dai da ta baro. Na kira, a kashe.

Nawaf jikana ya nuna mini hotonmu a shafin Farlita, ta rungume ni. Ya ce an rubuta a ƙasa, uwata ta Jidda. Ya ce, "Kaka, kin yi suna." Da Larabci ya faɗa, Hausar ba ta fita a bakinsa.

Juma'a, 1 ga Maris

Rafi'u ya sabunta mana iƙama, lafiya lau. Ya sayo kifi.

Latifatu ta leƙo da rana. Wata ce kuma, 'yar Uganda, tana zaune a matakalarsu ba ko takalmi. Kwana biyu kawai, in ji ta. Na ce mata gwiwa ta hana ni sakat, ba zan iya hidimar baƙo ba. Ta tsaya kaɗan a bakin ƙofa, ta ce Allah ya sawwaƙe, ta sauka.

Gwiwar kuwa tana ciwo. Ba ƙarya na yi ba.