Gayyar da Ba a Je Ba

Litinin, 8 ga Afrilu, 1963

Masu awon ƙasa sun shigo fadamarmu ta Gazara yau. Sun kafa turaku masu jan fenti a tsakiyar rakena, tun daga bakin rafi har gindin ɗorawa. Wai bututun iskar gas za a binne daga kudu zuwa Kano, iskar da ke cin wuta, kuma ba za a sake shuka rake a kan layin ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, mai ja musu sarƙar awon ƙanena ne, Ja'afaru, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya karɓi aikin ko shawartata bai yi ba. Ya gan ni, wai "Yaya Sada, sannu da aiki." Na juya masa baya.

Juma'a, 19 ga Afrilu

Bayan masallaci muka taru a ƙofar dagaci. Har daga Saulawa da Kudan an zo, da Fulani ma, don layin ya tsinka musu burtali. Na ce ba mu ci gas ba, ba mu sha gas ba, a kan me za a binne mana wuta a ƙarƙashin abinci? Ni na rubuta takardar ƙi zuwa ga hakimi, kowa ya dangwala yatsa. Karatun yaƙi da jahilci ya yi rana.

Asabar, 4 ga Mayu

Inna ta kira ni ɗakinta. "Sada, ɗan'uwanka ne fa. Aiki ya samu, ba shi ya kawo bututu ba." Na ce wa ya nuna musu inda ƙasa ke da laushi in ba shi ba? Shi kuwa cewa yake tun a Kaduna aka ja layin a takarda. Ƙarya yake. Ko gaskiya ce ma, da hannunsa ya riƙe turken.

Talata, 11 ga Yuni

Ja'afaru yana can wajen Ikara yana bin masu awo, dawarsa kuwa ta isa noman farko. Ya aiko da goro a kira masa gayya ran Asabar. Na je wurin Iliyasu sarkin gayya, na ce duk wanda ya je, ya zare yatsansa daga takardarmu. A gaban mutane na rantse da Allah fartanyata ba za ta taɓa gonar Ja'afaru ba.

Asabar, 15 ga Yuni

Ba wanda ya je. Fatsuma matarsa ta tuƙa tuwon mutum arba'in. Makaɗi ya buga ganga tun hantsi har rana ta take, ya rataya abinsa ya tafi. Ta rarraba tuwon gida gida, na sa aka mayar mata da wanda ta aiko mana. Na ji daɗi. Na rubuta nan don kada gobe in ce ban ji ba.

Lahadi, 23 ga Yuni

Inna ba ta amsa gaisuwata ba yau. Ta ji da shi.

Alhamis, 4 ga Yuli

An fasa aikin bututu. Manzon hakimi ne ya kawo labari, wai aikin ya fi ƙarfin masu shi. Gari ya ɗauki murna, kowa sai ya kama hannuna, wai takardata ce ta yi aiki. Dagaci ya ja ni gefe ya ce takardar tana nan a ofishin hakimi, ko aikawa da ita ba a yi ba. Ban faɗa wa kowa ba. Na tumɓuke turakun na kai wa mata su hura wuta.

Lahadi, 7 ga Yuli

An sallami Ja'afaru, ya dawo a ƙasa, ya rame. Na bi ta gefen gonarsa, hanya ce ta bi da ni. Ciyawa ta shanye dawar, ganyen duk ya yi ruwan ɗorawa. In ba a nome ta cikin makon nan ba, babu abin da zai kai rumbu, ga 'ya'ya huɗu. Shi kaɗai ne a ciki, a duƙe. Ya ɗago ya ce, "Yaya, Allah ya bar maka rakenka." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Munafuki.

Talata, 9 ga Yuli

Na yi sammako na kama gonar tasa daga arewa. Ba don shi ba. Ciyawa in ta yi iri, iska ba ta san gonar wa za ta kai ba. Ya zo ya same ni, ya kama kunyar da ke kusa da tawa. Har azahar ba mu yi magana ba. Iliyasu ya wuce, ya tsaya yana kallona, na ce masa ya kama gabansa. Ban yafe ba. Saura kunya goma sha ɗaya.

Gobe in tambayi liman yadda ake kaffarar rantsuwa. In ce wani ne ya aiko ni.