Gyaɗa da Igiyarsa

Montreuil, Oktoba

Ɗiyata Hamdiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya sanyin Lyon? Kin san kunnena ya yi nauyi a waya, shi ya sa na ɗauki biro.

Kin tuna maƙwabciyata Madam Rose, 'yar Jos, wadda ta yi jinyar innarki Asma har Allah ya karɓi abarsa? Ɗiyarta Sofia ta kawo mata kwikwiyo don ya ɗebe mata kewa, ta raɗa masa Gyaɗa. Ranar kasuwa ya hango tantabara, ya fizgi igiya, Rose ta faɗi ta karye a ƙugu. An yi mata aiki, yanzu tana gidan da ake koya wa masu karaya tafiya. Da na je dubiya ko zancen ƙafarta ba ta yi ba. Ta kama hannun rigata ta ce, "Malam Illo, Sofia za ta bayar da shi."

Na roƙi Sofia ta dakata har uwarta ta dawo, na ce zan koya masa tafiya ba ja. Ta yarda da ƙyar. Ni kuwa rabona da kare tun ina yaro a Tahoua, a lokacin ma jifa ce ke haɗa mu. Gyaɗa yana kwana ɗakin Rose, makulli na hannuna. In mun fita shi ke yawo da ni, kafaɗata har ciwo take. Ke ce mai karatun likitan dabbobi, ki taimaki Bappanki.

Allah ya yi miki albarka.
Illo

Bron, gefen Lyon, Oktoba

Bappa,

Wa'alaikumus salam. Ina gaisuwa da ladabi. Lafiyata lau, sai dai na yi dariya cikin tram, jirgin cikin gari, har mutane suka waiwayo. Bappana da kare!

Ga yadda za ku yi. Ku cire masa abin wuya, ku saya masa irin wanda ake sa wa a ƙirji, a shago ku ce harnais. Da zarar ya ja, ku tsaya cak. Kada ku fizgo shi, kada ku yi masa tsawa. Zai gaji ya waiwayo, igiya ta yi sako-sako, a nan ne za ku yabe shi, ku ba shi ɗan abin ci daidai gefen ƙafarku, sannan ku ci gaba. So ake ya gane cewa ja ba ya kai shi ko'ina. Ku fara a barandar bene inda babu abin da zai ɗauke masa hankali, kuma kaɗan-kaɗan, don yaro ne. Ku bar shi ya shinshina abin da yake so, wannan ne karatun jaridarsa.

Na san ku, kilishi za ku ba shi. Don Allah a'a, yaji da albasa na cutar da su. Dafaffen naman kaza ba gishiri. Kuma kada ya daɗe shi kaɗai a ɗaki.

Bon courage, Bappa, Allah ya ba da sa'a. A gaishe mini da Mama Rose.
Ɗiyarku, Hamdiya

Montreuil, Nuwamba

Ɗiyata,

Sallama da fatan alheri. Na bi maganarki. Farkon abin, daga ƙofa zuwa wurin mai burodi sai da muka tsaya ba adadi, ni a tsaye kamar fitilar titi, shi yana kallona yana mamaki. A hankali ya fahimta. Yanzu in na tsaya yakan dawo da kansa ya zauna gefena. Aljihuna kullum ƙamshin kaza, har na ware riga guda ta fita da shi, daban da ta salla.

Amma jiya abin ya lalace. Sofia ta zo ɗaukar wa uwarta kaya, ta ce mu fita ta gani. Muna kaiwa bakin tashar jirgin metro wani ya wuce a guje bisa keke, Gyaɗa ya zabura, saura kaɗan in kifa. Sofia ta ce, "Baba, kai da ƙafarka biyu lafiya ke nan. Mama fa?" Ta ce ta samu wasu mutane masu gona da za su karɓe shi. Ban ga laifinta ba, ita ta zauna bakin ɗakin tiyata tana jira.

Rose ba ta san zancen gonar ba tukuna. Kullum na je sai ta ce in nuna mata hotonsa. Ko in haƙura ne?

Bappanki

Bron, Nuwamba

Bappa,

Ina gaisuwa. Kada ku haƙura. Kuskure ɗaya ba ya rushe karatu, kwikwiyo ne. Amma Sofia ta faɗi gaskiya, tafiyarku ya koya, ba ta Mama Rose ba. Da sanda za ta dawo, tana takawa a hankali, kuma bai taɓa ganin sanda a gefensa ba. Ku nemi sanda ku riƙa tafiya kamar yadda za ta yi. Kekuna da tantabaru kuwa, ku tsaya nesa da su inda zai gan su bai zabura ba, duk lokacin da ya dube su ya dubo ku, ku ba shi kaza. Kullum ku ɗan matsa kusa.

Na kira Sofia, na samu lambarta wurin Aminat ƙawarmu. Na ce in uwarta ta dawo a gwada sau ɗaya, ku kuna gefe riƙe da igiya ta biyu. In ya ja, ni da kaina zan zo in kai shi gonar. Ba ta ce e ba, amma ba ta ce a'a ba.

Hamdiya

Montreuil, Disamba

Ɗiyata,

Sallama. Kin jawo mini magana. Sandar innarki na ciro daga bayan kabad. Na daɗe zaune da ita a hannu kafin in iya fita.

Tun da na fara ɗingishi a titi labari ya kai masallaci cewa Illo ya samu shanyewar jiki. Bayan Juma'a sai ga Alhaji Abdulƙadir da mutum uku sun zo dubiya da lemu. Ina buɗe ƙofa garau, Gyaɗa ya leƙo ta tsakanin ƙafafuna. E, kwandon da yake kwana ciki na barandata yanzu, don kuka yake yi shi kaɗai a ɗakin Rose. Alhaji ya ɓata rai. Na ba shi labarin Rose da abin da ta yi wa Asma. Ya ce haƙƙin maƙwabci babba ne, amma lemunsa zai koma da shi tunda lafiyata ƙalau. Da shi ya tafi kuwa.

Gyaɗa ya saba da sandar. In na rage tafiya ya rage. Tantabara har yanzu jikinsa rawa yake in ya gan ta, amma ni yake duba. Asabar za a sallamo Rose. Ki sa mu a addu'a.

Bappanki

Montreuil, Disamba

'Yata Hamdiya,

Gaisuwa mai yawa daga Mama Rose. Allah ya saka miki da alheri.

Na dawo gida. Da Gyaɗa ya gan ni ya yi ta kuka yana zagaye, har fitsari ya saki a kafet. Lahadi bayan coci muka fita, ni da sandata, Malam Illo da igiya ta biyu, Sofia a bayanmu. Wani yaro ya wuce da keke. Gyaɗa ya ɗaga ƙafa zai bi, igiya ta ɗan miƙe, sai ya tsaya ya ɗago kai yana kallona. Na ba shi kazarsa.

Muka dawo gida. Da yamma Sofia ta ce za ta sauka ta sayo mini magani. Ta dawo da maganin, da babban buhun abincin kare a kafaɗa, ta ajiye a kicin ta ce, "In ya ƙare ki gaya mini."

Ki zo mana hutun Kirsimeti, akwai wurin kwana.

Taki,
Mama Rose