Buhunan Inna

Litinin, 12 ga Agusta, 2024

Alhamdu lillahi, izini ya fito! Yadin algarara zai shigo mini ba harajin kwastan, tunda Alhaji Abdulrahman da nake ɗinka wa buhu ƙasar waje yake fitar da riɗinsa. Sharaɗi ɗaya: duk abin da na ɗinka da yadin sai ya bar ƙasa. Ƙyalle ɗaya ya ɓata hanya, a soke izinin. Ni Zuwaira, mai keken ɗinki huɗu a Mando. Har rawa na taka a shago, masu ɗinki suna ta dariya.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Mota ta iso. Warin algarara ya cika layi, ni kuwa daɗinsa nake ji kamar turare. Na kasa cin abinci.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Inna ta kira daga ƙauye, an fara cire gyaɗa. Na sha'afa sam. Tun da na buɗe shago, buhunan farko na kowace kaka nata ne, ita ke sa musu albarka. Na yi ta bayani, kwastan kaza, sharaɗi kaza. Ta saurara har na gaji, sannan ta ce, "Wato gyaɗar uwarki ba ta da fasfo."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Safiyya ƙanwata ta ce in ba Inna buhu goma, wa zai lura? Ai kuwa na ware su, har na ɗaure. Sai kuma na kwance, na mayar.

Talata, 5 ga Nuwamba

Alhaji ya yaba ɗinkin, zai haɗa ni da masu citta. Wayyo daɗi! Na biya Babbar Kasuwa na sayi buhunan leda masu kyau, na ba direban garinmu ya kai wa Inna.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Kayanmu sun kama hanyar Legas jiya, da idona na ga an ɗaure tamfol.

Direba ya dawo da buhunan leda, ko kwance su ba a yi ba. Wai Inna ta ari na maƙwabta. Na kira ta. Lafiya lau muka gaisa, ta tambayi aiki, ta yi addu'a. Da za ta ajiye ta ce, "To Hajiya, a gaida ma'aikata."

Inna ba ta taɓa ce mini Hajiya ba. Ya kamata in yi kuka. Na ajiye wayar, sannan na tashi na duba ko an kulle sito.