Huda Huɗu a Cikin Yaya

Auta,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da na dame ki da takarda, maganar ba ta waya ba ce, yara na kusa.

An cire mahaifar, alhamdulillahi. Ba su tsaga ni ba. Huda huɗu likita ta yi, kowace kamar ƙofar maɓalli, ta hura iska a cikina, ta zura 'yar kyamara tana kallo a allo tana aiki. Kafaɗata ce ma ta fi ciwo, wai iskar ce. Washegari aka sallame ni. Maƙwabciyata ta leƙa ta ce ai ko sauro ya fi haka ɓarna. Sai na ji kunyar kwanciya mutane na zuwa dubiya. Shi ya sa na ce kada ki rufe shagonki ki zo. Na koma kan keken ɗinki, har na ɗaga kansa na kai gyara.

Ga tambayata. Jini ya zo mini, na ajiye salla kamar yadda na saba, amma ya zarce kwanakina, ƙaruwa ma yake. Ki tambayar mini malamarku, ba tare da kin ce ni ce ba: in yi wanka in ci gaba, ko in jira?

Ki gaida maigidan da yara.

Yayarki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ban tambayi kowace malama ba. Wace al'ada kuma, bayan an cire inda take fitowa? Kafin in ɗauki biro na kira babban ɗanki, na ce ya sa ki a mota ko kina so ko ba kya so.

Ke da kika tsufa a ɗinki, kin fi ni sanin ɗinkin ciki ke riƙe riga. Kin duba na waje kin ce kin warke. Likita ba ta hana ki ɗaukar nauyi ba? Na san ta hana, kika ce mata to, irin to ɗinki.

Na haɗa jakata tun ranar aikin, saƙonki ya zo na kwance ta. Kullum ke ce mai jinyar kowa, mu ba mu isa mu riƙe miki buta ba. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba.

Allah ya ba ki lafiya.

Auta

*

Auta,

Sallama da fatan alheri. Daga gadon asibiti nake rubutu, ki yafe karkacewar hannun.

Ɗinkin ciki ne ya buɗe. Wannan karon sai da suka tsaga. Likita ba ta yi faɗa ba, ta ce aikin farko ya yi kyau, fata ce ke riga ciki warkewa. Da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Sallolin da na ajiye ina rama su a kwance, da ishara.

Ba na iya sunkuyawa in wanke ƙafata. Ɗana ke yi, yana kawar da kai, ni ma haka. Wanka kuwa sai na jira ma'aikaciyar jinya ta samu sarari.

Ban san ko fushin ya sauka ba. In da hali ki zo, ko shagon zai rufu. Don Allah ki ba ni amsa da wuri.

Yayarki