Geron Iya Cindo

Sule Tankarkar,
Ranar Litinin.

Zuwa ga 'yata Naja'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya karatu, yaya sanyin ƙasar Holan? Kina dai cin abinci ko? Babanki yana gaishe ki. Ƙafar tasa ta yi sauƙi, har yana zuwa masallaci da sanda.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Malama Ummulkhair ta ajinmu na manya ta ce in daina jin kunya in rubuta, ita za ta ɗauki hoton takardar da wayarta ta tura miki. Na fi son haka, don in muna waya rabin abin da ke raina mantawa nake yi.

Na ji saƙonki cewa malaman da kuke aikin binciken noma tare, na jami'arku ta can da na jami'ar nan gida, suna zagaya ƙauyukan Gumel da Maigatari, kuma ran Asabar za su biyo su gaishe ni. Tun da na ji ban zauna ba. An shafe zaure, na aro tabarmi biyu sababbi. Abin da ya dame ni shi ne abin da zan ba su. Geron kasuwa na bana duk ƙaiƙayi ne, ba zan ajiye shi gaban mutanen da suke riƙe da ke ba. Sai na tuna da tukunyar nan ta bayan gado mai ragowar geron kakarki Iya Cindo. Damina biyu ban shuka shi ba saboda jinyar babanki. Gajeren kai gare shi, maza dariya suke yi masa, amma kin san babu furar da ta kai tasa garɗi. Da shi zan fid da ke kunya.

Allah ya tsare min ke.

Mahaifiyarki,
Rakiyya.

Sule Tankarkar,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Naja'atu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Mu jikinmu lafiya. Kin kira sau huɗu ban ɗauka ba, ki yafe min. Bakina ba zai iya faɗa miki ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Baƙi sun zo jiya da hantsi. Akwai Dakta Abdulƙahhar, mutumin Gumel ne ashe, da wata Baturiya mai furfura da tabarau, malamarki, wadda na kasa riƙe sunanta. Ta cire takalmi a bakin zaure ba wanda ya ce ta cire. Na kawo fura da kindirmo a sabuwar ƙwarya. Ta sha, ta ƙara, ta sa Dakta ya gaya min ba ta taɓa shan irinta ba. Naja'atu, a lokacin ji na yi kamar an ba ni kujerar Makka.

Da suka natsa, Dakta ya fara bayani. Ya ce da farko mutanen can sun zo da nasu tsarin a rubuce, na gwajin wani taki. Ke da shi kuka tsaya a kan sai an fara tambayar manoma abin da ya dame su. Suka zauna da mutane a Gumel, da Maigatari, da Gagarawa, ko'ina magana ɗaya: ba taki ne ciwon ba, ruwa ne yake ɗaukewa tun gero bai cika ido ba. Shi ne aka ajiye zancen takin gaba ɗaya. Ran Alhamis a kasuwar Maigatari wani tsoho, Malam Ɗalha, ya ce musu a da akwai wani gero mai gajeren kai da yake nuna kafin kowane gero, wata mata Cindo ce take riƙe da irinsa. Ya ce maza sun watsar da shi tun da dogon iri ya shigo, sai dai a nemi 'ya'yanta. Da Dakta ya gaya miki a waya, kika ce ai kakarki ce. Ya ce shekara ukun da suka rage miki a kan geron nan za ki yi su, in an samu ko cikin tafin hannu ne.

Sai ya ce, "Iya, ko akwai saura?"

Na dubi ƙwaryar. Ludayin yana hannun Baturiyar.

Ban san yadda aka yi maganar ta fito ba. Na ce shi ne kuka sha yanzu. Dakta ya cire hula ya riƙe a hannu. Da ya fassara mata, ta ajiye ludayin a hankali kamar zai fashe. Babanki yana ta salati.

Duka na surfe, Naja'atu. Ko ƙwaya ban rage ba, don kada furar ta yi kaɗan. Na ruga gindin turmi na durƙusa ina tona ƙasa, kaji sun riga ni. Dusar kuwa tun ran Juma'a akuya ta cinye. Na kife tukunyar, tokar da nake adana shi da ita ce kawai ta zubo.

Ni tun da nake, baƙo irin wannan kawo mana yake yi. Gidan sauro, taki, iri a leda mai hoto. Ya yi jawabi, mu tafa, ya tafi. Ban taɓa jin wanda ya tsallako teku don ya roƙi abin da ke bayan gadona ba. Da na san iri suke nema, wallahi da ruwan randa kawai zan ba su in sha kunyar.

Matar ta riƙe hannuna ta ce laifinsu ne da ba su aiko tun ran Alhamis ba. Hakan ya fi min zafi a kan a ce faɗa ta yi. Irin da uwata ta riƙe tun kafin a haife ni, da karatun 'yata, na haɗa na dama da nono.

Wuri ɗaya ya rage. Iya ta ƙulle wa kowace 'yarta irin nan a gefen zane ranar da za a kai ta ɗaki. Mu biyu ne, ni da ƙanwata Sabuwa ta Gagarawa Tasha. Kin san shekara huɗu ba ma magana, tun ranar sunan nan da ta ce a gaban mata wai da furfurata nake rataya jakar 'yan makaranta. Ban san ko ta riƙe nata ba. Gobe zan hau babur in je.

Ki yi min addu'a, ki kuma yafe min.

Mahaifiyarki,
Rakiyya.

Sule Tankarkar,
Ranar Juma'a.

Zuwa ga 'yata Naja'atu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fatan hankalinki ya ɗan kwanta. Babanki da Malama suna gaishe ki.

Na je. Na tarar da Sabuwa tana sussuka, ta amsa sallamata ba ta ɗago ba. Da na gaya mata abin da na yi, ta yi dariya har da zama a ƙasa, ta ce masu boko ke nan. Na haɗiye. Can ta tashi ta shiga ɗaki, ta kira ni. Naja'atu, zangarniya ce rataye a rufin ɗakinta, jere reras, ta bara. Ashe duk shekara sai ta shuka kunya biyar a gefen gonar mijinta, yana mita tana yi. Na tsaya ina kallo.

Amma ta ce ba za ta bayar ba. Ta ce an taɓa zuwa garinsu aka ɗebi ƙasar gona a kwalabe, har yau ba wanda ya dawo ya ce ga abin da aka gani. In suna so, su zo da kansu.

Ran Laraba suka zo. Ni duk tsoro ya kama ni kada bakinta ya ɓata miki aiki, ina ta taka mata ƙafa, ta ce in daina taka ta. Ta ce rabi za ta bayar, rabi yana nan a rufinta. Gwajin a gonakin nan za a yi shi, inda ruwan yake ɗaukewa, ba a can inda aka ce kullum yayyafi ake yi ba. Duk irin da aka samu daga jikinsa, matan ƙauyukan nan ne za su fara karɓa. Kuma sunan Cindo zai bi shi duk inda ya je. Na sunkuyar da kai ina jiran su miƙe su tafi.

Ba su tafi ba. Baturiyar ta ce yawancinsa abin da suka zo yi ke nan, sai dai ta roƙi a bar ta ta tafi miki da 'yan ƙwayoyi don ki duba su a na'ura. Sabuwa ta ce tunda ke ce, ta yarda. Dakta ya buɗe jaka zai rubuta yarjejeniya da Turanci, ta ɗaga masa hannu.

Ta ce, "Yaya ce za ta rubuta, da Hausa. Abin da ta rubuta shi na yarda da shi."

Shekara huɗu rabon da ta kira ni Yaya. Na rubuta a kan gwiwata, layin yana hawa yana sauka, suna zaune suna jirana ba wanda ya ce in yi sauri. Na karanta da ƙarfi kowa ya ji. Dakta ya sa hannu, malamarki ta sa a ƙarƙashin rubutuna, Sabuwa ta dangwala yatsa. Har yanzu in na tuna sai in ciro takardar in duba ko da gaske ne.

Za a shuka a wurare huɗu da ruwan farko, har da bayan gidanmu. Yanzu sama kawai muke kallo. Ki dage da karatu, ki riƙa rufe ƙirjinki saboda sanyi.

Sabuwa tana gaishe ki. Ta ce in kin dawo ita za ta dama miki fura. Ni kuwa kason da za a shuka a gidanmu ma ta ƙi ba ni ajiyarsa, wai sai ranar shuka za ta kawo da kanta, kada wani baƙo ya yi sallama kafin nan.

Allah ya yi miki albarka, ya dawo min da ke lafiya.

Mahaifiyarki mai kewarki,
Rakiyya.