Ɗan Ƙarfen da Na Ɗauka a Garejin Baba

Zuwa ga Yayana Bashir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ya aiki, ya ruwan Fatakwal da aka ce ba ya ɗaukewa? Umma da kowa na gida lafiya lau.

Yaya, ni na ɗauki ɗan ƙarfen nan da kuke ce wa makulli. Shekara biyu ke nan ban faɗa wa kowa ba, ko Umma. Na sha ɗaukar waya in kira ka, sai in ji bakina ya yi nauyi, ka san hali. Shi ya sa na ce bari in rubuta, tunda biro ba ya jin kunya.

Ranar wata Laraba ce, na kawo muku abinci gareji bayan an tashi makaranta. Kana kan motar wani malamin jami'a, ka kwance gaban injin, ka jera kayan a kan kwali ɗaya bayan ɗaya yadda Baba ya koya maka. Kun tafi alwala, ni kuma ina kan benci da littafina. A gefen kwalin na hango wani ɗan ƙarfe mai siffar rabin wata, bai fi farcen babban yatsa ba, sai sheƙi yake. A labarin da nake karantawa lokacin, saurayi ya ba budurwa rabin zobe kafin ya yi tafiya. Ni babu wanda ya taɓa ba ni rabin komai. Na ɗauka ɓaraguzai ne irin waɗanda kuke sharewa, na ƙulle shi a bakin hijabina.

Da ka dawo ka ɗaga kwalin, ka karkaɗe tsummoki, ka tona ƙasa da sifana. Har ka juyo ka ce, “Nafi, ba ki ga wani ɗan ƙarfe ba?” Abokan aikinka uku suna tsaye suna kallona. Na girgiza kai. Wallahi ba mugunta ba ce, tsoron dariyarsu na ji.

Sai daga baya na fahimci abin da na ɗauka. Shi ne makullin da ke zama a ɗan gurbinsa a bakin karanshaf, wato babbar sandar da ke juyawa a cikin inji, ya riƙe fulin da ke jan bel da haƙorin da ke daidaita bugun injin kada su zame. Mai motar zai yi tafiya washegari, shagunan Sabon Gari sun kusa rufewa, sai ka zaro wani tsoho daga gwangwanin tarkace ka goge shi ka saka. Ya ɗan yi sako-sako. Mako uku yana wasa a ciki yana cin gefen gurbin, har motar ta mutu a hanyar Kano da iyalin mutumin a ciki.

Ina bayan ƙofa ranar da Baba ya yi maka faɗa. Ka ce ka ajiye shi a kan kwali, ɓacewa ya yi. Baba ya ce ƙarfe ba ya da ƙafa. Ya ce kuskure ana gyara shi, amma bakaniken da ke ƙarya ba a ƙarƙashin rumfarsa ba. Gaskiya saka tsohon da ka yi ba tare da ka sanar da shi ba laifinka ne, ba zan ɓoye ba. Amma ba kan wannan ya kore ka ba. Kan ƙarya ce, kuma ba ka yi ta ba. Da asuba ka ɗauki jakarka. Tun daga ranar wayar Umma kaɗai kake kira, in ta miƙa masa ya ce yana aiki.

Makon jiya aka kawo masa wata mota daga Palladan da irin wannan ciwon. Oga Emeka mai injin sassaƙa ƙarfe a Sabon Gari ya ce a ciro karanshaf ɗin gaba ɗaya a kai masa. Baba ya ce a'a, a jikin motar zai yi. Ina hutu, sai ya ce in zo in riƙe masa fitila, don idonsa ba kamar da ba.

Na zata aikin ƙarfi ne, ashe na haƙuri ne. Ya yanko jan ƙarfe ya goge shi daidai girman sabon makullin, ya zaunar da shi a gurbin da ya cinye. Ya ce walda ba ta kama jan ƙarfe, don haka zai cike gefen da ya zaizaye, wurin makullin ya tsira. Ya naɗe bayan da jiƙaƙƙen tsumma. Ya ɗiga waldar kamar ƙwayar gero, ya tsaya ta huce, ya sake ɗigawa. In aka yi gaggawa, in ji shi, zafi zai lanƙwasa ƙarfen, an yi ba a yi ba. Daga nan ya zare jan ƙarfen ya ɗauki magagari. Tun hantsi yake gugar nan har aka kira azahar: ya goga, ya gwada, ya hura, ya sake gogawa.

Yaya, tsufa ya kama hannunsa. Sau biyu magagarin yana kuɓucewa. A na biyun ya zauna a kan taya ya daɗe yana kallon tafinsa, ya ce, ba da ni yake ba, “Wannan aikin hannun Bashir ne.” Sannan ya tuna ina wurin, ya ce in gyara fitilar, ba rufin rumfa ya ce in haska ba.

Makullin dai ya shiga daram, sai da ya ɗan ƙwanƙwasa shi. Motar ta tashi bugu ɗaya. Amma da yamma na ji yana gaya wa Umma cewa bayan babbar salla zai sallama rumfar ga wani, tunda babu mai gado.

A littattafan da nake karantawa, gaskiya takan fito da kanta a babin ƙarshe, wani ya tsinci wasiƙa ko wata tsohuwa ta yi magana. Na jira shekara biyu, babu wanda ya tsinci komai. Salla kuma saura wata ɗaya da 'yan kwanaki.

Ba na cewa ka yafe mini yau. In ka ga dama ka yi shekara ba ka amsa gaisuwata ba, na cancanta. Amma ka dawo Samaru. Umma har yanzu in ta yi tuwo da miyar kuka sai ta manta ta kwashe da malmalarka.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya yi wa sana'arka albarka, ya sanyaya zuciyarka da ta Baba, ya sa in ga kanku biyu a ƙarƙashin bonet ɗaya. Amin.

Taka ƙanwa mai laifi,
Nafisa

Da na yi niyyar ba Malam Garba direba takardar nan ya kawo maka a ɓoye. Na fasa. An idar da la'asar, ga tarin Baba can a zaure, shi zai fara karantawa. Ban san me zai ce mini ba. In takardar nan ta iso ka da tabon baƙin mai a gefe, ka san ta hannun wanda ta biyo.