Tsakuwar da na saki a ƙwaryar iyayen yara

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Ina roƙonku kada ku yanke mini hukunci sai kun kai ƙarshe, ko da yake duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina.

Ni ne direktan wata makarantar firamare a gefen Malanville, shekara tara ke nan. Muna da ƙungiyar iyaye da malamai, kuma dokarta a fili take tun kafin in zo: direkta yana zama a taro, yana bayani, amma ba ya zaɓe. Zaɓe na iyaye ne, gida ɗaya murya ɗaya. Da yake yawancinsu masunta ne da manoman shinkafa da ba su yi boko ba, ba a rubutu a takarda. Kowa ana ba shi ƙwayar wake ɗaya da tsakuwa ɗaya, a rufe ƙwarya da zane, mutum ya zura hannu ya saki wadda ransa ya so. Wake e ne, tsakuwa a'a. Ni nake riƙe ƙwaryar, wai don ni ne ba ni da ɓangare.

Akwai wani malami, Mushe Sahabi (Mushe muke ce wa malamin boko a nan, daga Faransanci), wanda ba gwamnati ta kawo shi ba, iyaye ne suka ɗauke shi ya riƙe aji uku. Wallahi bai taɓa yi mini komai ba. Laifinsa ɗaya, ya iya koyarwa. Wata rana sufeto ya zo duba mu, ya zauna a ajinsa har aka tashi, da ya fito sai ya dafa kafaɗata a gaban malamai ya ce, "Direkta, kai ma ka riƙa leƙowa ajin nan, za ka ƙaru." Wasa yake yi, kowa ya yi dariya, har da ni. Amma maganar nan ta zauna mini a ƙirji kamar ƙayar kifi. Tun daga ranar, ko gaisuwa Sahabi ya yi mini sai in ji kamar raini ne. Yanzu da nake rubutawa kunya ta ishe ni. Mutum mai furfura a gemu, ya ƙullaci yaron da bai wuce sa'ar ɗan cikinsa ba a kan raha?

Bara da kogi ya cika, ruwa ya ci gidan iyayen Sahabi a wajen Toumboutou, ya yi sati biyu bai zo aiki ba yana kwashe su. Wasu iyaye suka kai ƙara wurin shugaban ƙungiya, Alhaji Bawa, aka kira taro a yanke ko Sahabi zai ci gaba. Doka ta ce idan ƙuri'a ta zo daidai, malami yana nan a wurinsa. Ran nan gida ashirin da huɗu suka zo, ni kaɗai na ƙirga su, don ni na raba waken. Ina zagayawa da ƙwarya ina duban fuskoki, na ga abin zai yi kunnen doki. Akwai ragowar tsakuwa ɗaya a tafin hannuna. Na ce wa zuciyata, ai ni ma uba ne, ba 'yata Rabi tana aji ukun ba? Wa ya fi ni sanin makarantar nan? Don me mai sayar da kifi zai yi zaɓe ni da nake kwana ina tashi da yaran a hana ni? Na yi kamar ina gyara zanen, na sake ta. Ko ƙara ba ta yi ba.

Aka zube a tabarma. Tsakuwa goma sha uku, wake goma sha biyu. Babu wanda ya haɗa lissafin da yawan mutane, wa zai zargi mai riƙe ƙwarya? Alhaji Bawa ya ce, "To, jama'a sun yanke, Allah shi sa haka ne mafi alheri." Sahabi ya tashi ya bi kowa ya ba shi hannu, har da ni, ya fita.

Hujjar da na ba kaina ba ta kai magariba ba. Muryar gidana ai an riga an jefa ta, maman Rabi tana wurin. Muna komawa gida ta ce, "Ni dai wake na saka. Mutum ruwa ya ci gidansu, a ƙara mishi da kora? Waɗanda sunka yi wanga aiki, Allah shi saka mishi." Ta tsaya tana kallona tana jiran amsa. Na ce amin. Da bakina na ce amin, jama'a.

Yanzu Sahabi kabu-kabu yake yi, yana kai fasinja bakin gada masu ƙetarawa Gaya. Watan jiya babur ɗina ya mutu kusa da babbar kasuwa, ina tura shi cikin rana, sai ga shi ya tsaya. Ya kai babur ɗin wurin mai gyara, ya ɗauke ni har ƙofar makaranta. Na miƙa masa kuɗi ya ƙi. Ya ce, "Haba Direkta, mi za ni amsa gare ka? Ai na san da kana da murya ran nan, da ban hita ba." Ya leƙa ta taga ya dubi ajinsa, yara suka ruɗe da "Mushe! Mushe!", ya ɗaga musu hannu ya juya da sauri. Na shiga ofis na kulle ƙofa, na daɗe ban iya fitowa ba.

Wanda aka kawo a madadinsa bai yi wata uku ba ya gudu, aji uku yanzu haɗe yake da aji huɗu. Asabar mai zuwa akwai taro, za a ɗauki malami na dindindin. Na gwada ce wa Alhaji Bawa a dawo da Sahabi, ya ce, "Direkta, kai ka hi kowa sanin doka. Wanda anka sallama da ƙuri'a ba a sake maganatai, sai in an tabbata zaɓen na da aibi. Akwai aibi?" Na ce babu. Sai ya ƙara da cewa, "Kuma mun yi shawara, ran Asabar za mu gyara doka mu ba ka murya. Shekara tara kana riƙe ƙwarya ba mu ga komi gare ka ba sai amana."

Kun ga inda nake. In na tashi a gaban iyaye na ce ni na saki tsakuwa ta goma sha uku, zaɓen ya rushe, Sahabi ya koma ajinsa, ni kuma mutuncina ya zube a garin da 'ya'yana suke tashi, wataƙila har maganar ta kai sama a ɗauke ni. Da wane ido zan dubi maman Rabi? In na yi shiru, ran Asabar za a ba wani ajin, ƙofa ta rufe wa Sahabi har abada, ni kuma a tafa mini a miƙo mini wake da tsakuwa a matsayin ladan gaskiyata. Kwana huɗu suka rage. Don girman Allah ku gaya mini, me zan yi?